Kifin da Unaisi Ke Turewa Gefe

Akwai wata uwa a wani ƙaramin tsibirin Fiji, sunanta Litia, mace mai zafin nama wadda ba ta iya zama minti biyar wuri ɗaya. 'Yarta Unaisi, 'yar shekara shida, ta zame mata ciwon kai wajen cin abinci.

Da an zuba mata, sai ta ture kifi gefe, ta kama ganyen gwaza tana tauna kamar mai shan magani. Kafin ta kai rabi, Litia ta gaji da jira. Sai ta ɗauke kifin ta miƙa wa yayan yarinyar, Sairusi, wanda tuni ya lashe nasa.

"Tunda gimbiya ba ta son kifi, ga mai so."

Ranar awo, malamar asibiti ta dubi sikeli ta girgiza kai. Ta ce idan wata ya ƙare yarinyar ba ta ƙaru ba, sai an ɗauke ta a jirgin ruwa zuwa babban asibiti.

Hankalin Litia ya tashi. Ta jiƙa saiwa, ta kai ta wajen fasto, ta yi lallashi, ta yi tsawa. Da ta lura ganye Unaisi ke fara ci, sai ta ninka mata ganyen. Yarinya ta ci gaba da ramewa.

Saura kwana tara wata ya ƙare, suna cin abincin Lahadi, hannun Litia ya sake nufar kifin. Bubu, kakar yaran, ta riƙe shi.

"Zauna."

"Bubu, ga wanke-wanke can yana jirana."

"Ƙafa gare shi da zai gudu? Tun kina yarinya gindinki ba ya son tabarma. Na ce zauna."

Litia ta zauna tana karkaɗa ƙafa. Unaisi ta haɗiye ganyen da ƙyar. Ta ci rogo. Ta ɗago ta saci kallon uwarta, sannan a hankali ta jawo kifin nan. Ta cinye shi tas har da tsotse ƙaya.

"Ke, ashe kina so?"

"Shi na fi so, Mama. Ajiye shi nake na ƙarshe, don daɗinsa ya zauna a bakina."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ke kika ce abin da babba ya ɗauka, yaro ba ya cewa a dawo da shi."

Wata da watanni Litia tana neman abin da ke ramar da 'yarta, ashe hannunta ne. Ta ɗauki nata kifin ta sa a farantin Unaisi, ta gyara zama. Ranar sai da rana ta karkata aka yi wanke-wanke.

Jirgin ƙarshen wata ya tafi babu Unaisi.

Darasi: Wani yaron da abin da yake so yake farawa, wani kuwa ajiye shi yake na ƙarshe. Kafin ki yanke wa ɗanki hukunci, ki zauna ki ga ƙarshen cin sa, ki kuma tambaye shi. A tura wa iyaye masu gaggawa irin su Litia.