Mai Gora Ya Sauka Juji

Akwai wani mutum, manomin lambu, yana da gonar albasa da tumatir a bakin rafi. Mutum ne mai ƙwazo. Ba ya sata, ba ya shan giya, ran Lahadi kuwa yakan riga mai buga ƙararrawa isa majami'a. Sai dai yana da baki kamar sabuwar aska, shi kuwa a ganinsa baiwa ce.

Da rana, in ya tayar da injin ban-ruwa ya saki ruwa cikin gona, yakan zauna a inuwar mangwaro ya ciro wayarsa ya shiga wani wasa, irin wanda yaranmu ke ce wa gem. Dattawa, kada ku taɓe baki. Dara ce ta zamani, ita ma darar mun san gemu nawa ta sa aka cakuma a gindin tsamiya. A wannan wasa ana haɗa mutane rukuni biyu, kowa yana garinsa, wani a Jos, wani a Maraɗi, wani a Kumasi. Ba ka ganin fuskar kowa, murya kawai kake ji a kunne. Kowane rukuni yana tsaron ganuwarsa, yana neman rushe ta abokan gaba. Akwai mai takobi, shi ke gaba. Akwai masu baka. Akwai kuma mai gora, wanda ba ya sara ba ya harbi, aikinsa kawai ya bi mutane a baya da gorar magani, in ka faɗi ya tashe ka.

Manomin nan mai takobi ne, ya kuma laƙaba wa kansa suna Zakin Fadama. Shekara da shekaru ya yi yana gina sunan nan, har ya zamana in aka ga Zakin Fadama ya shigo, abokan gaba sukan ji a jikinsu. Amma mutanen rukuninsa sun fi su ji. Wanda duk ya yi kuskure, sai ya ji an ambaci uwarsa da kakarsa. Yakan ce, "Kai da ƙafa kake danna wayar nan?" Ko ya ce, "Je ka sayar da ita ka sayi akuya, ko ita za ta koya maka dabara." Saura su yi ta dariya, domin dai ba kansu ruwan ya sauka ba.

Wata rana matarsa ta kawo masa abinci gona, ta tarar da shi yana kumfar baki shi kaɗai a inuwa. Ta ce, "Baban Briskila, da wa kake faɗa haka, har daga hanya ana jiyo ka?"

Ya ce, "Wane faɗa? Wasa muke yi. Wanda kuke wasa ɗaya da shi ai abokin wasanka ne. Yaushe aka fara yi wa abokin wasa ladabi?"

Ta ajiye kwano ta ce, "To. Ni dai taubashina in ya zage ni, na san ƙofar gidansu." Ta juya ta tafi.

Kun ga inda ya zame? Dukanmu mun san abokin wasa: ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka, wannan gari da wancan gari. Ka tsokane shi ya tsokane ka, ba mai fushi. Shi kuwa sai ya tsinci kalmar ya yafa wa baƙin da bai taɓa ganin idonsu ba, don kawai abin da suke yi ana ce da shi wasa.

To, a cikin waɗanda wasa yakan haɗa shi da su akwai wani mutum da ke riƙe gora kullum, har sunan ya bi shi, Mai Gora. Mutumin nan yana da i'ina, saboda haka ba ya yawan magana. Ya zama wata rana yaƙi ya yi zafi, manomi yana gaba yana sara, sai ya ji Mai Gora yana cewa, "Ba... ba... ba..."

Manomi ya katse shi ya ce, "Janareto, ka tashi mana! Jama'a, a zuba masa mai!"

Aka bushe da dariya. Dariyar ba ta ƙare ba aka sare manomi ya faɗi, bai ma ga inda saran ya fito ba. Ganuwarsu ta rushe. Sai ya juya kan Mai Gora, ya zage shi tas, ya kwaikwayi maganarsa, ya ce wanda harshensa ya gagare shi ina zai iya da gora. Wani daga cikinsu ya ce, "Zaki, ya isa haka."

Ya ce, "Haba, wasa ne! Ai abokin wasana ne. Ko ba haka ba, Janareto?"



Masu wasan kuwa, wato waɗanda suka ƙera shi suke kuma lura da shi, sun ajiye wurin da mutum zai danna ya kai ƙara. Sun sha yi wa manomin nan kashedi, yana sharewa kamar ƙuda. Kashegari da ya buɗe wasa, sai ya tarar da hukunci. An ɗaure masa baki: zai ji kowa, ba mai jin sa, rubutu ma ba zai iya ba. An kuma jefa shi wani fili dabam, wanda 'yan wasa ke kira Juji, inda ake tara duk waɗanda aka gaji da halinsu, a bar su su yi wasa da junansu. Aka ce ba zai fita ba sai rukuninsa ya ci nasara a can. In wata ya ƙare bai ci ba, za a shafe sunan Zakin Fadama, da duk abin da ya tara a ƙarƙashinsa, har abada.

Ya ce a ransa, wannan ai abu ne mai sauƙi. Bai san Juji ba. A Juji kowa zaki ne. Kowa takobi yake so, ba mai yarda ya riƙe gora, saboda haka wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Wani ya yi fushi ya fita ana tsakiyar yaƙi. Wani ya buɗe wa abokan gaba hanya don ya ƙona ran ɗan'uwansa. Kuma ba kowa aka ɗaure wa baki ba, sai wanda nasa ya fi muni, saboda haka zagi yake sha safe da rana, ba halin ramawa. Har wata rana ya ji wani yana ce masa, "Kai da ƙafa kake danna wayar nan?" Ya ji kalmarsa a bakin wani, ashe haka take da wari.

Kwanaki suka yi ta tafiya, bai ci ko sau ɗaya ba.

Akwai ƙofa guda da masu wasan suka bari. Ɗan Juji yana iya aika wa na waje gayyata. Amma wanda ya amsa, ba ɗan Jujin ne zai hau wurinsa ba, shi ne zai sauka, ya shiga cikin masu zagi da masu cin amana, ya kuma jefa nasa tsabtataccen suna cikin haɗari, domin 'yan Juji suna kai ƙarar mutum ko bai yi kome ba. Manomi ya aika wa abokan dariyarsa. Wannan ya ƙi, wancan ya yi kamar bai gani ba. Da wata ya kusa ƙarewa, sai ya shiga aika wa duk wanda ya taɓa wasa da shi, ba ya ma duba suna, kamar wanda ruwa ya ci yana kama ciyawa.

Sai ga shi mutum ɗaya ya amsa. Manomi ya duba sunan, ashe Mai Gora ne.

Murya ta ce, "Za-zaki, ni ne. Ni na kai ƙa-ƙararka."

Manomi ya buɗe baki, ya tuna ba mai jin sa.

Mai Gora ya ce, "Ka ce ni abokin wa-wasanka ne. A garinmu, abokin wasa yakan za-zage ka ranar biki. Amma in ka kwanta ciwo da da-damina, shi ke fara zuwa gonarka da fartanya. Kai ka riƙe za-zagin. Ni na zo da fartanyar."

Suka shiga yaƙi. Da 'yan Juji suka ji muryar Mai Gora, suka yi masa ca kamar karnuka sun ga nama. Abin da manomi ya taɓa ce masa, suka ce ninkinsa. Shi kuwa yana bin su a baya da gora, wanda ya gama zaginsa yanzu, in ya faɗi ya je ya tashe shi. Aka ci su. Suka sake, aka sake cin su. Wani ya kai ƙarar Mai Gora a banza, har aka yi masa kashedi, shi da bai taɓa ɓata wa kowa ba. Kashegari da aka gayyace shi, ya sake saukowa.

A ranar da wata zai ƙare, yaƙi ya yi zafi, manomi yana gaba, ganuwar abokan gaba ta fara tsagewa. Sai ya ji a kunnensa, "Ba... ba... ba..." Harshensa ya yi ƙaiƙayi kamar yadda ya saba, amma baki a ɗaure yake. Dole ya saurara har ƙarshe.

"Bayanka!"

Ya waiga. Ga abokin gaba ya lallaɓo, ya riga ya ɗaga takobi. Manomi ya goce, ya kā da shi, suka rushe ganuwa. Suka ci.

Nan take aka fitar da shi daga Juji, aka kwance masa baki. Amma mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya zauna a inuwar mangwaro da waya a hannu, ruwa yana ta ambaliya a kan albasarsa bai sani ba. Gama ya gane, ran nan ma da ya kira shi janareto, abin da mutumin ke fama ya faɗa ke nan. Can ya ce, "Malam, don Allah yaya sunanka?" Sunan ya daɗe bai fito ba. Manomi ya jira.

Ba zan yi muku ƙarya in ce bakinsa ya zama zuma a rana ɗaya ba. Har yanzu wani lokaci sai ya ciji leɓe har ya fasa. Amma ba a ƙara kai ƙararsa ba.

To, ga ma'anar wannan misali, ku buɗe kunne.

Manomin nan, kada ka waiga kana neman wanda ya yi kama da shi. Kai ne, ke ce. Wasan kuwa duk wurin da ba a ganin fuskarka ne: zauren waya na mawaƙan ikilisiya, na zumuntar mata, na matasa, inda mutum yakan rubuta wa ɗan'uwansa abin da ko kare ba zai faɗa wa ido da ido ba, sa'an nan in an yi magana ya ce, "Ai wasa nake yi." Wasan gidanku! Yaushe ka ɗauki fartanya ka je gonarsa? Wanda bai taɓa ɗaukar kayanka ba, ba shi da izinin tsokanarka, kai ma haka. Bayan kowace murya akwai mutum da Allah ya yi da hannunsa.

Juji shi ne inda zunubi ke kai mutum. Ku lura, masu wasan ba su doke shi ba, ba su ƙone shi ba. Sun dai haɗa shi da masu irin halinsa, suka rufe ƙofa. Wannan kaɗai ya isa azaba. Ɗaurin bakin kuwa horo ne, horo kuma ba ƙiyayya ba ne. Da ba a rufe masa baki ba, da har yau yana dariyar kalmar da za ta cece shi. Sau nawa Allah ya fara yi maka magana ta bakin wanda ka raina, ka katse shi tun yana "ba... ba..."?

Mai gorar kuwa, a nan ne bakina ke mutuwa. Shi aka zaga. Shi ke da gaskiya, shi ya kai ƙara, ƙarar kuma daidai ce. Ba wanda zai ga laifinsa da ya zauna a wurinsa mai tsabta ya ce, "Allah ya ƙara." Amma shi ɗin ne ya sauka. Jama'a, wane irin abu ne wannan? Haka Ubangijinmu Yesu Almasihu ya yi. Shi muka yi wa laifi, shari'a a hannunsa take, bai kuwa ce laifin ba laifi ba ne. Duk da haka bai tsaya a sama yana miƙo mana shawara ba. Ya bar ɗaukakarsa ya shigo jujinmu, aka yi masa ba'a, aka kai ƙararsa a kan ƙarya, yana ta tā da waɗanda ke tofa masa yau. Abin da mai gora ya jefa cikin haɗari suna ne kawai a waya. Shi kuwa ransa ya bayar. In mutum ya ji wannan tsikar jikinsa ba ta tashi ba, ya je ya bincika ko da sauran rai a jikin.

Saura ɗaya. Mu ma muna da wurin da muke ajiye wanda aka sa a horo: bencin baya, can kusa da ƙofa. Daidai ne, ikilisiya ba ta yi laifi ba da ta hore shi. Amma mu nan mun iya kai ƙara, mun iya sanarwa, mun iya waige da wutsiyar ido lokacin waƙa. Sauka ce ba mu iya ba. Bencin nan dogo ne, mutum ɗaya ba ya cika shi. In an buga ƙararrawar sujada, wani ya ɗauki littafin waƙarsa ya je ya zauna kusa da shi, su riƙe littafin tare.