Majemin da Ya Dawo Daga Bakin Takobi

Ku matso kusa, na baya su rage surutu. Wannan labari na gardama ne, kowa ya riƙe bakinsa sai na kai ƙarshe, sannan ya kawo hujjarsa.

A garin Rafin Kanya an yi wani majemi ana ce masa Jatau. Fatar da ya jeme har dukawan birni rububinta suke yi, sai dai akwai shi da saurin fushi. Ran wata kasuwa suka yi cacar baki da Arzika, ɗan Malam Cindo mai gonakin fadama, a kan ruwan jima da ke gangarawa gonarsu. A gaban jama'a Jatau ya nuna shi da yatsa ya ce, "Za ka gani!"

Washegari da hantsi yana dawowa daga ɗibar bagaruwa sai ya ji nishi a cikin dawa. Ya kutsa, ga Arzika kwance da wuƙa a haƙarƙari. Jatau ya manta da faɗan jiya, ya durƙusa ya zare wuƙar, ya tallabo kansa yana nanata masa kalmar shahada har rai ya yi halinsa. A haka masu zuwa gona suka tarar da shi, wuƙa a hannu, riga sharkaf da jini.

A gaban alƙali ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, amma kowa ya ji abin da ya faɗa a kasuwa, kowa ya ga rigar. Aka tambayi Malam Cindo ko zai yafe, ya ce, "Jini nake so." Alƙali ya yanke hukuncin kisa, Sarki ya amince. Jatau ya zauna a gidan yari, ba mutuwar ce ta fi cin ransa ba, a'a, yadda za a riƙa nuna 'ya'yansa ana cewa ga 'ya'yan mai kisan kai.

To, ga mutum na farko. Sunansa Dogara, shi ne hauni, wato mai sare wanda shari'a ta yanke wa kisa. Ran da aka fito da Jatau fili bayan kasuwa, Dogara ya tambaye shi ko yana da wasiyya. Jatau ya ce, "A gaya wa Malam Cindo ɗansa ya cika da shahada, da kunnena na ji. Ko zai rage masa zafi." Dogara ya ɗaga takobi, ya daɗe a haka, sai ya soke shi a ƙasa. Ya juya ga Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, na sha jin roƙo a filin nan, na sha jin zagi. Ban taɓa jin wanda ya yi kisa yana aika wa uban mamaci abin sanyaya zuciya ba. Hannuna ba zai yi ba." Sarki ya ce, "Ka san makomar haunin da ya ƙi umarni?" Ya ce, "Na sani." Aka tuɓe shi, aka ɗaure shi tare da Jatau, aka ce duk ran da aka sare ɗaya za a sare ɗayan. Aka aika ƙasa mai nisa a nemo wani hauni, ga damina ta yi tsakiya, hanyoyi duk sun ɓaci. Da haka Jatau ya sami kwanakin da bai taɓa zato ba.

Ga ta biyu. Ladidi ce, yayar Jatau, mai daddawa, ga shekaru ga ciwon ƙafa. Ta ga wuƙar a wurin shari'a, mai ƙotar farin ƙaho da aka naɗe da jan ƙarfe, ta kuma san ƙanenta bai taɓa mallakar irinta ba. Ta ɗaura zane, ta ɗauki sanda, ta bi garuruwa tana shiga maƙera ɗaya bayan ɗaya tana kwatanta wuƙar. Wasu su yi mata dariya, wasu su kore ta. Kogi ya taɓa janta sai da masunta suka tsamo ta, zazzaɓi ya kwantar da ita a zauren mutanen da ba ta sani ba, tana samun sauƙi ta miƙe ta ci gaba. A wani ƙauye bayan duwatsu ta sami tsohon maƙeri, ya ce, "Ni na ƙera ta. Tunau na yi wa, babban ɗan Malam Cindo." Amma tsufa ya ci ƙarfinsa, ba ya iya tafiya. Ta dawo da ƙafafu a kumbure, alƙali ya ce ba a karɓar shaidar 'yar'uwa, balle abin da ta jiyo a bakin wani. Ba ta tsaya kuka ba, ta miƙe sai zauren Malam Cindo, ta durƙusa ta ce, "Malam, ba roƙo na zo yi ba. Ka tambayi Tunau ina wuƙarsa."

Na uku kuwa shi ne Malam Cindo da kansa. Ya kira Tunau ya yi masa tambayar. Tunau ya fara kame-kame, can ya faɗi ƙasa yana kuka, ya ce gardamar rabon gona ce ta haɗa su, zuciya ta ɗebe shi. Ku tuna fa, Tunau ne kaɗai ɗan da ya rage wa tsohon nan a duniya. Dangi suka taru a kansa suna cewa, "Ka binne ɗa ɗaya, za ka miƙa na biyu saboda majemi? Wa zai yarda da maganar mai daddawa? Ka yi shiru kawai." Kuma gaskiyarsu ne, da ya yi shiru da shi ke nan. Sabon hauni ya iso, aka yi shelar ranar kisa. Malam Cindo ya naɗa rawaninsa, ya kama wuyan hannun Tunau ya fita.

Jatau na durƙushe a fili, an ɗaure masa ido, Dogara na gefensa. Yana jin takun haunin a bayansa, ya riga ya sallama. Sai ya ji wata tsohuwar murya ta keta taron, "Dakata! Dakata!" Aka kwance ƙyallen, ya ga Malam Cindo yana haki a gaban Sarki. Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, majemin nan ba shi da laifi. Ga wanda ya kashe ɗana, shi ma ɗana ne. A yi masa abin da na nema a yi wa bare."

Sai guɗar Ladidi ta tashi, gari ya ɗauka. Majema suka yanke igiyar hannun Jatau suka saɓa shi a kafaɗa, mahauta suka ɗaga Dogara, makaɗa suka saki kalangu ba wanda ya gayyace su. Alƙali ya sauko ya nemi gafarar Jatau a bainar jama'a. Sarki ya ce yau ba za a zubar da jinin kowa ba, aka wuce da Tunau gidan yari. Jatau ya shiga gida ya rungume 'ya'yansa, yana dariya hawaye na zuba.

Bayan haka fada ta rabu biyu. Wasu suka ce a daina hukuncin kisa ɗungurungum, tunda ɗaurarre ana iya kwance shi, amma kan da aka sare ba ya komawa. Wasu suka ce in aka daina, masu mugun nufi za su sami sake. Sarki ya ce ga tasa shawarar: zai naɗa mutum ɗaya, daga yau ba a kashe kowa a ƙasarsa sai wannan mutum ya bincika ya yarda. Ya dubi Jatau ya ce, "Kai ka ɗanɗana. Cikin ukun da suka cece ka, zaɓo wanda ya fi."

Jatau ya dubi Dogara, wanda ya sa wuyansa a kan mutumin da ba danginsa ba, ba tare da wata shaida ba. Ya dubi Ladidi, wadda ba don ita ba da gaskiya tana can bayan duwatsu har abada. Ya dubi Malam Cindo, wanda shi ya fara neman jininsa, shi kuma ya fanshe shi da ɗa ɗaya da ya rage masa.

To jama'a, Sarki na jira. Da kai ne Jatau, wa za ka zaɓa a cikinsu?