Ƙusa Ɗaya a Kan Yumɓu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, shekaru masu yawa da suka wuce. Sunansa Malam Sallau. Ba malamin zaure ba ne, malantar ta girmamawa ce kawai. Ma'aikaci ne a babban filin wasa na garin, kuma ko a cikin ma'aikatan ma shi ne na can ƙasa. Ba shi ke busa usur ba, ba shi ke riƙe agogo ba. Aikinsa yumɓu.

Na ga wasunku sun ɗago kai. E, yumɓu na ce. Bari in yi muku bayani, don na san yawancinku in ba ƙwallo ba babu wasan da kuka sani. Akwai wasan da ake kira dogon tsalle. Mutum zai taho a guje, ya taka wani farin katako da aka binne a ƙasa, ya tashi sama, ya dira a ramin yashi, sannan a auna. Doka ta ce ka taka katakon, amma kada ƙafarka ta gota shi ko da faɗin farce. To ido ba ya iya kama wannan, saboda gudun ya yi yawa. Shi ya sa ake shimfiɗa yumɓu mai laushi a gaban katakon, faɗin yatsu huɗu. Alƙali ya duba: in babu alama ya ɗaga farar tuta, in akwai ya ɗaga ja, tsalle ya lalace ko da ka tsallake gari guda. Bayan kowane tsalle sai Malam Sallau ya durƙusa ya lailaye yumɓun da babban yatsansa, ya koma sumul. Shekara ashirin da shida yana wannan durƙuso, gwiwar wandonsa ba ta taɓa rabuwa da faci ba.

To akwai wani ɗan wasa mai suna Haladu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Malam Sallau, kuma uban Haladu amininsa ne kafin ya rasu. Malam Sallau ne ya fara kai Haladu filin, shi ne kuma ya karɓa masa aure da ya girma. Haladu bai san wani suna da zai kira shi ba sai Baba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata shekara aka kawo wa garin nan gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasashen yankin. Ƙasashe tara suka hallara. Kwana huɗu ana gudu, ana jifan mashi, ana tsallake shinge. Da aka zo ranar ƙarshe, masu masauki suna da lambar zinare goma sha ɗaya, wata ƙasar baƙi ita ma goma sha ɗaya, kuma wasa ɗaya ya rage: dogon tsalle. Wanda ya ci shi, ƙasarsa ta ɗauki kofin yanki. Su kuwa masu masauki, tun da aka fara gasar nan ba su taɓa ɗaukar kofin ba. Fili ya cika maƙil, har kan katanga mutane ne.

Kowane ɗan wasa tsalle shida yake da shi. Ƙasar baƙin nan tana da wani dogon mutum da ya dira mita bakwai da santimita casa'in da biyu tun a tsallensa na biyu. Haladu ya yi huɗu, bai kamo shi ba. Sai na biyar.

Ku saurara, jama'a. Haladu ya taho, ya taka, ya tashi. Ya dira a inda babu wanda ya taɓa dira ranar. Filin nan ya ɗauki ihu, makaɗa suka saki ganguna. Alƙalin katako, wani mai suna Alhaji Ɗayyabu, wanda kuma shi ne shugaban ma'aikatan filin, ya ɗan leƙa yumɓu daga tsaye, rana na dukan idonsa, ya ɗaga farar tuta. Aka ja ma'auni, mita takwas da santimita uku.

Malam Sallau ya durƙusa zai yi aikinsa, hawayen murna na zuba a gemunsa. Ya kai yatsa ke nan sai ya gani. A bakin yumɓun, can gefe, ga wani ɗan rami kamar ƙwayar gero. Ƙusa ɗaya ce daga ƙusoshin da ke ƙasan takalmin gudu. Ƙusa ɗaya tak.

Babu wanda ya gani. Alƙali bai gani ba, baƙi ba su gani ba, shi kansa Haladu bai sani ba. Kuma abin da zai ba ku tsoro, shafewar ba laifi ba ce a idon kowa, ai aikinsa ke nan, don shi aka ɗauke shi. Yatsa ya riga ya kai. Shaiɗan ya zo masa ta inda ya fi taushi, ya ce: maraya ne fa, ɗan amininka ne, ga ƙasa guda na murna, kai wane ne da za ka ɓata? Ba ƙarya za ka yi ba, ba magana za ka yi ba, lailayewa kawai za ka yi kamar kullum.

Malam Sallau ya janye hannunsa. Ya miƙe tsaye, ya mai da hannuwansa baya, ya tsaya.

Alhaji Ɗayyabu ya ce, "Sallau, lafiya? Gyara mana mu ci gaba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗan duƙa ka duba nan."

Alhaji ya duƙa. Fuskarsa ta canza. Ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Ban ga komai ba. Kai ma ba ka gani ba. Shafe."

"Alhaji, na gani."

"To ba shafewa ce aikinka ba?"

"Aikina shafewa ne bayan an gani, ranka ya daɗe. Ba kafin a gani ba."

"Kai Sallau! Ka san abin da kake yi kuwa? Wallahi in ka tsaya a kan wannan, gobe kada in ga ƙafarka a filin nan."

Ya ce, "To, Alhaji. Allah Ya kai mu goben."

Kun san ba a yin wani tsalle sai an gyara yumɓu, saboda haka wasa ya tsaya cak. Babban alƙalin gasa, wanda ba ɗan ƙasar masu masauki ba ne, ba kuma ɗan ƙasar dogon nan ba, ya taho ya tambayi abin da ya tsai da wasa. Malam Sallau bai iya yarensa ba. Nuna masa kawai ya yi da yatsa. Mutumin ya durƙusa, ya daɗe yana kallo, ya tashi ya karɓi jar tuta da hannunsa ya ɗaga.

Ganguna suka mutu. Sai ihu ya juye ya zama zagi. Ɓawon rake, ƙwallon mangwaro, duk abin da hannu ya samu aka jefi Malam Sallau da shi. Ana cewa maci amana, ana cewa baƙi sun saye shi. Duk bai dame shi ba kamar lokacin da ya ga Haladu ya nufo shi, yashi a jikinsa, idonsa jajir.

"Baba, ni? Ni za ka yi wa haka?"

Zuciyar tsohon nan ta karye, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ce, "Ba ni na yi ba, Haladu. Ƙafarka ce. Zo ka gani da idonka."

Haladu ya sunkuya ya ga ɗan ramin. Ya juya ya tafi. Sai a sannan Malam Sallau ya durƙusa ya shafe.

To masu wannan wasa kowa yana da alamar da yake ajiyewa a inda zai fara gudu. Ta Haladu wani tsohon silifa ne. Ya je ya tsaya a kansa yana huci. Ramin nan ya gaya masa abin da shekara guda kocinsa yake faɗa bai ji ba: takunsa yana ƙara faɗi in ya ji ihun jama'a. Ya duƙa ya ja silifan baya, rabin tafin ƙafa.

Dogon baƙo ya yi tsallensa na ƙarshe, ya ƙara santimita uku a kan nasa. Saura Haladu, saura tsalle ɗaya a duk gasar. Filin ya yi tsit, kana jin tutoci na kaɗawa. Ya taho. 'Yan'uwa, waɗanda suka gani sun ce kamar ƙasa ce ta tura shi. Ya tashi, ya miƙe a sama, ya dira gaba da inda ya dira ɗazu.

Babu wanda ya yi ihu. An koya musu hankali, kowa tuta yake kallo. Alhaji Ɗayyabu ya riƙe fara a dama, ja a hagu, ya kasa ɗaga ko ɗaya. Sai ya juya ya dubi mai facin gwiwa. Kocin baƙi ya taho a guje yana ɗaga hannu, yana cewa sai an duba, sai an duba.

Malam Sallau ya durƙusa. Ya bi yumɓun daga wannan baki zuwa wancan, har ya kwantar da kuncinsa a ƙasa don ya gani da kyau. Kuma ku sani, da akwai alama da ya sake faɗa. Ya miƙe ya ce, "Babu komai."

Babban alƙali ya yafito kocin baƙi ya zo ya duba da kansa. Kocin ya tsaya, ya dubi tsohon da ɓawon rake ke manne a hularsa, ya girgiza kai. Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Ba na dubawa. In wannan tsoho ya ce babu, to babu."

Farar tuta ta tashi. Mita takwas da santimita goma sha ɗaya! Ba a taɓa yin irinsa a yankin ba. Zinare na goma sha biyu, kofi ya tsaya a gida, kuma a cikin ƙasashe tara babu bakin da ya buɗe ya ce an yi maguɗi. Bakunan da suka zage shi ɗazu su suka koma kiran sunansa, Sallau, Sallau, har katangar fili na amsawa.

Haladu ya sauko daga inda aka rataya masa lamba, ya zo ya durƙusa a gabansa a cikin yashi. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Da ka shafe, da na rataya abin da ba nawa ba har in mutu ban sani ba."

Ya ɗago shi ya ce, "Tashi, ɗana. Wannan taka ce, ko ƙusa ɗaya babu a cikinta."

Alhaji Ɗayyabu ya raɓo yana sosa ƙeya, ya ce, "Malam Sallau, gobe dai ka zo aiki."

Ya ce, "Dama zan zo, Alhaji. 'Yan makaranta na da tsalle da safe."

To jama'a, ba don ku sha labarin wasa na tsai da ku ba. Abin da nake so ku tafi da shi shi ne: amana ba ta ƙanƙanta don abin ya ƙanƙanta, kuma ba ta faɗuwa don babu mai kallo. Kowannenku yana da yumɓu a gabansa, kowannenku yana da babban yatsa. Kai malamin makaranta, takardar ɗan amininka na gabanka, maki ɗaya ya rage masa. Kai bakanike, ka ga ɗan tsagu a ƙarfen birki, mai mota na sauri, kai kaɗai ka gani. Har kai da aka aiko bincike a kan mai neman aure, ka san abin da ka sani. Ba za a ce ka yi ƙarya ba, lailayewa kawai za ka yi.

Kada kuma wani ya ce ai Sallau ya san ƙarshen zai yi kyau. Bai sani ba. Lokacin da ya mai da hannuwansa baya, abin da ke gabansa kora ce da jifa da fushin ɗan da ya tashi a hannunsa. Ya tsaya ne don Wanda Ya ga ramin tun kafin shi ya gani. Sauran kuwa Allah ne Ya yi, kuma in Ya tashi yi, ba Ya yin kaɗan.

Gobe in yatsanka ya kai kan naka yumɓun, ka janye shi. Allah Ya ba mu ikon janyewa, Ya sa ranar da za a duba namu a same shi sumul. Ku ce amin.