Geron Alhaji Barau da Nonon Saniya

Da bazara Tanimu ya ci bashin buhun gero wurin Alhaji Barau, ya ba da saniyarsa jingina. Da kaka ya kawo buhu, Alhaji ya ƙi karɓa, don ya ƙwallafa rai a kan saniyar.

A gaban mai gari Alhaji ya ce, "Geron da na ba shi nake so, ba wani ba. In babu, saniya tawa ce."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ya zama tuwo tuni, amma zan nemo shi. Sai dai Alhaji ya fara dawo mini da nonon saniyata. Wanda ya sha nake so, ba wani ba."

Alhaji ya dubi tumbinsa, ya ce, "Gero ai gero ne. Je ka kwance saniyarka."