Baƙar Tsakuwa a Tulun Inna Kyauta

A zamanin da, tun kafin kakannin kakanninmu su san hanyar gona, an yi wani sarki ana ce masa Mazadu, wanda Allah ya jarabce shi da son ƙirga. Yana da masanin hisabi, Malam Ɗantsoho, mai auna kome da tsakuwa: fara ta alheri, baƙa ta hasara. Kuma wallahi abin ya yi amfani! Da tsakuwar nan aka gane gonakin da gero ya fi karɓa, da ita aka gane rijiyar da ke sa wa yara ciwon ciki, aka rufe ta. To, ka san mutum in ya ɗanɗana zuma.

Wata damina macizai suka addabi ƙasar, manomi ba ya sunkuyawa sai da addu'a. Masu maganin sara biyu ne a birnin: Jatau, mai kiɗa da kirari da rawani kamar kwando, da wata tsohuwa, Inna Kyauta, mai bukka a bayan ganuwa. Sarki ya sa aka ajiye tulu a ƙofar kowannensu. Wanda ya warke a jefa masa fara, wanda ya cika a jefa baƙa.

Da kaka ta yi aka juye tulunan a gaban fada. Na Jatau fari fat, ko ɗigon baƙi babu! Na Kyauta kuwa, cikin kowace tsakuwa uku ɗaya baƙa ce. Fada ta ɗauki salati.

Sarki ya miƙe, ya ce, "Ashe makashiya muke kiwo! Gobe a naɗa Jatau Sarkin Magani. Tsohuwar nan kuwa a ƙone saiwoyinta, a fitar da ita daga ƙasata."

Inna Kyauta ba ta roƙi kowa ba. Ta durƙusa tana shafa baƙaƙen tsakuwoyin, tana kiran sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Ni mai ba ku labari, nan ne zuciyata ke karyewa.

Sai Waziri Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa. Tsoho ne mai sanyin magana, amma wayo gare shi kamar dila. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hukuncinka yankan wuƙa ne. Alfarma ɗaya nake nema: gobe, kafin naɗi, Jatau ya sa hannu a tulunsa ya zaro fara ɗaya ya ɗaga, talakawa su shaida." Sarki ya yarda. Aka mayar da tsakuwoyi, Waziri ya tafi da tulun Jatau gidansa ajiya.

Kashegari fili ya cika maƙil. Jatau ya iso yana taƙama, maroƙa na zuga shi. Ya naɗe hannun riga, ya zurma hannu cikin tulu. Sai ihu! Ya fizgo hannu, ga jini a yatsa. Wani dogari da Waziri ya shirya ya leƙa tulun, ya yi tsalle baya, ya kwarma, "Kububuwa! Kububuwa ce a ciki!"

Kai, zo ka ga gudu! Fadawa suka watse, maroƙa suka zubar da kalangu, rawanin Jatau ya yi nasa wuri. Waziri ya ce, "Kwantar da hankalinka, gwani. Ga jakar maganinka nan, wanda bai taɓa kasawa ba."

Jatau na birgima a ƙasa yana kuka, "Wane magani? Ku kai ni wurin Kyauta! Don girman Allah ku kai ni wurin Inna, kububuwa ba ta jira!"

Waziri ya ɗaga sanda ya fasa tulun. Tsakuwoyi suka warwatse, sai ga wata 'yar bushiya ta fito tana sanɗa, ta nufi gindin bango abinta. Dariya ta ɓarke, har Sarki sai da ya riƙe ciki. Can ya murtuke fuska ya ce, "Jatau, faɗi gaskiya."

Jatau ya ce, "Tuba nake, Zaki. Duk wanda aka kawo mini, sai na fara tambayar wane maciji ne. In damatsiri ne, koren nan da ba ya kisa, sai in karɓa, in sa a yi kiɗa. In kububuwa ce ko kasa, sai in ce maganina ya ƙare yau, a wuce da shi bayan ganuwa."

Waziri ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji. Mutanen Jatau ko ruwan randa aka ba su za su tashi. Na Kyauta kuwa da ƙafa ɗaya a kabari ake kai mata su, ta jawo biyu cikin uku. Malam bai yi kuskuren ƙirga ba. Abin da ba mu tambaya ba shi ne, wa aka jefa wa kowace tsakuwa?"

Malam Ɗantsoho ya ce, "Haka ne. Daga yau kowane maciji da tulunsa." Sarki ya ce a yi haka a gona, a yi haka a kasuwa, kada a sake gwama abin da ba jinsi ɗaya ba. Ya sauko daga karaga da ƙafarsa, ya ce, "Inna, na zalunce ki. Ki yafe mini." Nan take aka ba ta sarautar, aka sa Jatau ya riƙa ɗaukar mata kwandon saiwa.

Kafin a watse, tsohuwar ta kama yatsan Jatau, ta zare ƙayar bushiya, ta tofa masa yawu. Ta tsinci farar tsakuwa ta danƙa masa, ta ce, "Ungo, ɗana, ka warke. Ƙara a cikin naka."

Sannan ta kwance bakin zanenta, ta juye tulunta, ta tattara baƙaƙen nan kaf ta ƙulle. Sarki ya ce, "Inna, me za ki yi da su?"

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, farare sun koma gidajensu da ƙafarsu. Waɗannan a hannuna suka cika, ba su da wurin zuwa sai wurina."