Waziri Ilu da Rumfunan Taba

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa a birnin Gwandabe an yi wani sarki, Zakari, da wazirinsa Ilu. A zamaninsu rumfunan taba suka cika kasuwa, tari ya yawaita, har ladan ya kasa kai kiran salla ƙarshe.

Sarki ya ce, "Waziri, in ƙone rumfunan nan ko in bar su? Kada ka sake kunna lofenka sai ka zo mini da amsa."

Waziri kuwa tun yana saurayi yake shan taba. Ya koma gida ya zauna, zama ya gagara. Kai na sara don rashin taba, aka kawo tuwo ya ture. Sai ya zari sanda ya nufi kasuwa.

Ya tarar da Jatau, attajirin taba. Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga wani gari da sarkinsa ya cinna wa rumfuna wuta. Taba ta koma cikin gidaje, ana ɓoye ta a tulu, yara ne masu kaiwa. Kafin damina yaran ma sun koya."

Wata mai koko, Hajo, ta ajiye ludayi ta ce, "Allah ya ja zamanin Waziri, mijina marini ne, ƙato. Ya yi ta tari har da jini. Ranar da zai rasu, da numfashinsa na ƙarshe taba ya roƙe ni, bai tambayi 'ya'yansa ba."

Waziri ya tuna da nasa lofen. Ya zaga ganuwa yana tunani, sannan ya koma fada ya faɗi gaban sarki.

"Allah ya ba ka nasara, kada a ƙone, kada kuma a bari. A kwashe rumfunan zuwa bayan gari, jikin gidan mai magani, inda masu ciwon ƙirji ke kwance. Wanda ya sayar wa yaro, a rushe rumfarsa. Babba kuwa, in zai saya, ya ratsa ta cikin majinyata tukuna."

Sarki ya yi murna, ya ba shi alkyabba. An ce da yawa sun je saye, suka ji tarin, suka juya tun daga ƙofa.

Masu hikima suka ce, mutum kan ƙetare dokar sarki, amma da wuya ya ƙetare abin da idonsa ya gani.