Kalmar "You" Da Si Munji Ya So Ya Cinye Shi Kaɗai

Akwai wani dillalin darduma a garinmu Kairawan, ana ce masa Si Munji. Mata ke saƙa, shi ke sayarwa, shi kaɗai kuma ke jin Turanci. Sai kansa ya kumbura kamar burodi a tanda.

Wata rana wata Baturiya ta zo ta ga dardumomin, ta ce, "I want you at my exhibition."

Munji ya juyo wajen masu saƙar yana washe baki. "Ni ta gayyata baje koli a ƙasarsu. Sunana za a rubuta."

Cikin masu saƙar akwai Inna Mabruka. Ta tsufa a kan aikin nan, ba a taɓa ambaton sunanta kan darduma ko ɗaya ba, kuma abin na ci mata rai. Tana zuwa ajin Turanci na manya, ba ta ma wuce darasin wakilin suna ba. Amma ta riƙe abu guda: Bature bai raba kai, ke da ku ba, duk "you" ne.

Ta ce, "Si Munji, wannan 'you' ɗin, kai ne ko mu ne?"

"Inna, yaushe kika zama tafinta? Ki ƙara magana, gobe babu zare, babu aiki."

"Zaren naka ne, ɗana. Yatsun nawa ne."

Ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara, ta tsaya gaban baƙuwar. Ta nuna Munji: "He?" Ta nuna 'yan'uwanta: "Or we?"

Baturiyar ta tambaya ko wa ya saƙa dardumomin. Munji ya buɗe baki, "I..."

Mabruka ta ɗaga tafukanta da rini ya cinye. "We!"

Sauran matan ba su san Turanci ba, amma sun san hannu. Duk suka ɗaga nasu.

Baƙuwar ta juya wa Munji baya, ta dubi matan. "You," in ji ta. Wannan karon ba a nemi tafinta ba.

Dardumomin sun tafi da sunayen masu su, matan ma suka tafi tare da su, Mabruka a gaba. Munji ya raka su filin jirgi, yana jan akwatuna.

Darasi: Kada ka ce "ni" a kan gumin da "mu" suka zubar. Kuma ɗan abin da ka sani, kada ka ji kunyar tsayawa a kansa. Tura wa wanda ake cin haƙƙinsa yana shiru.